Kafin A Mai Da Tsofaffin Itatuwanmu Gawayi, A Bar Mana Yanki Guda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranin 2024.

Ni tsohon malamin daji ne. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gandun daji a ƙasar Daura kafin in ajiye aiki. Mahaifina kuwa, Allah Ya jiƙansa, masassaƙi ne, da gizago ya ciyar da mu: turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, allon karatu. Don haka a cikin ɓarɓashin itace na buɗe ido, a cikin itatuwa kuma na tsufa.

A bakin gonakin ƙauyenmu akwai wani marke da babu wanda ya san lokacin da ya tsiro. A inuwarsa manoma ke cin abincin rana, a nan Fulani ke yada zango in za su gangara kudu. Da mai gonar ya rasu, magada suka sayar wa masu gawayi da shi. Labari bai iske ni ba sai da aka kayar. Na hau babur na je, na tarar da shi kwance, yara uku suna ta datsa da injin zarto, an riga an haƙa ramin ƙonawa a gefe. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Can na kira wanda ke riƙe da injin, na ce, "Ɗana, don Allah yanko mini faifai guda daga gindin nan, kaurin yatsu huɗu, zan biya ka kuɗin mai." Ya dube ni ya ce, "Baba, teburi za ka yi da shi?" Na ce a'a, karantawa zan yi. Ya yanko, muka kama mu huɗu muka ɗora a amalanken shanu. Kafin mako ya zagayo, sauran itacen duk ya shiga buhuna an yi birni da shi.

Mako biyu na yi ina goge fuskar faifan nan a zaure. Na fara da sanfefa mai kaushi irin ta kafintoci, na koma mai laushi, har ya yi sumul kamar allon da aka wanke. Da na shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, sai ga zobba sun fito, wani a cikin wani, tun daga ɓawo har cibiya. Nan take na tuna wata rana ina ɗan shekara goma, mahaifina yana sassaƙa turmi daga gungumen ƙirya. Ya kama yatsana ya ɗora a wani wuri da layukan suka matse da juna, ya ce, "Ka ga nan? Nan itacen nan ya sha wuya." Bai san boko ba, bai kuma san wace shekara ce ba. Amma abin da ya nuna mini ranar shi ne dai abin da na je na iske ana koyarwa a makarantar koyon aikin gandun daji da ke Jos.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai wani siririn sashi mai rai, shi ke ƙera sabon katako. In damina ta sauka, itace ya yi ganye, sashin nan ya kama aiki. In ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, ganye ya zube, sai aikin ya tsaya cak har wata daminar. Wurin da ya tsaya ɗin nan yana barin layi. Ke nan kowace damina zobe guda, na kusa da ɓawo shi ne na bana, na cibiya shi ne na ƙuruciyar itacen. Shekarar da aka yi marka mai kyau zoben ya yi faɗi, shekarar fari ya tsuke. A ƙasashen Turawa sanyi ne ke tsayar da girman itace. Mu a nan ranin wata bakwai ko takwas ke yi mana wannan aikin.

Na samo allurai da gilashin ƙara girma, na fara ƙirga daga waje zuwa ciki, duk zobe goma in soka allura. Tunda a ranin 2024 aka sare shi, zoben ƙarshe na daminar 2023 ne. Da na kai wajen zobe na arba'in, sai na ci karo da wasu da suka manne da juna, da ƙyar bakin allura ke shiga tsakaninsu. Na yi lissafi da yatsa, sai ga ni a 1983 da 1984. Malam Edita, sai da na ajiye gilashin na share hawaye. A shekarun nan ina bakin aiki. Da idona na ga gero ya bushe a tsaye bai yi kai ba, na ga mutanen Nijar suna tsallakowa ta Kongolam da yara a goye da 'yan ƙullin kaya, na ga an sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba. Na ci gaba, bayan wasu goma na sake samun matsi, wato farin 1972 da 1973, lokacin ina saurayi, shekarar da gawar dabbobi ta cika bakin hanyoyi. Daga nan zobba suka fara buɗewa, har na kai wasu masu faɗin gaske a shekarun 1950, waɗanda dattawanmu ke cewa a lokacin rumbu ba ya ƙarewa sabo ke shigowa. Can ciki kusa da cibiya kuma akwai wani matsin. In lissafina ya yi daidai, bai yi nisa da 1913 da 1914 ba, yunwar da kakana ke kira Kakalaba, wadda ba ya ambatonta sai ya yi shiru na ɗan lokaci.

Na ce in lissafina ya yi daidai, domin a nan ne gizo ke saƙa. Sau uku na ƙirga faifan nan ta ɓangarori daban-daban, na samu 127, na samu 131, na samu 129. Akwai dalili. Wata shekarar ruwa kan sauka, a yi shuka, sannan ya ɗauke kwana ashirin ko fiye, yabanya ta yi yaushi, daga baya ya dawo. Itace ma yakan tsaya ya sake tashi, sai ya bar layi biyu a damina ɗaya. Wata shekarar kuma farin kan yi tsananin da wani gefen itacen ba ya yin zobe sam. Ban da wannan, makiyayi kan hau ya sassare rassa don dabbobinsa, itacen ya yi shekara biyu yana jinya, zobensa ya tsuke alhali an yi ruwa. Wanda kuma ke bakin fadama ko kusa da rijiya bai san an yi fari ba. Itace ɗaya shaidar mutum ɗaya ne, alƙali ba ya yanke hukunci a kanta. Sai an tara ashirin ko talatin daga wurare daban, an jera su, an ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

Wanda ya kafa wannan fanni wani masanin taurari ne a jihar Arizona ta Amurka, sunansa A. E. Douglass. Tun farkon ƙarni na ashirin yake neman sanin ko canje-canjen da ke faruwa a jikin rana suna taɓa yanayin duniya, to bayanan ruwan sama na yankinsa ba su da tsawo, sai ya koma ga itatuwa. Ya lura cewa jerin faɗi da matsi iri ɗaya ne a duk itatuwan yanki guda: in an yi shekara biyu na fari, uku na ruwa, ɗaya na fari, haka zai fito a jikin kowanne. Da wannan ya gano yadda ake haɗa salsala. Ka ɗauki itace mai rai, ka daidaita zobbansa na ciki da na wajen wani gungume da aka sare tun da daɗewa, shi kuma ka daidaita na cikinsa da katakon rufin wani tsohon kango. Kowanne ya riski na gabansa, kamar yadda ɗalibi ke riskar malaminsa, shi ma ya riski nasa. A 1929 Douglass ya haɗa salsalar da ta ba shi damar sanin shekarun da aka gina tsofaffin garuruwan 'yan asalin yankin, a 1937 kuma aka buɗe cibiyar binciken zobban itace a Jami'ar Arizona, tana nan har yau.

Daga nan abin ya yi nisa. A duwatsun Kalifoniya akwai wani itace mai rai da ya haura shekara 4,800. A Jamus an haɗa salsalar da ta wuce shekara 12,000, da yawanta daga gungumen da aka tono a cikin tsakuwar koguna. A 2012 wata mai bincike a Japan, Fusa Miyake, ta gano wata alama ta sinadarin kabon a zoben shekarar 774 zuwa 775, aka duba itatuwan wasu nahiyoyi aka iske ta a wannan zoben dai.

Na san wani zai ce ai wannan na ƙasashen sanyi ne. To, a duwatsun Atlas na Maroko an karanta tarihin fari na kusan shekara dubu daga itatuwan wurin. A Afirka ta Kudu, a 2015, an fitar da tarihin ruwan sama na shekara dubu daga kuka, wannan kukar dai da muke miya da ganyenta. Ita kuka naman jikinta laushi gare shi, cike da ruwa, tsofaffin kuma sukan yi kogo, don haka ba a dogara da faɗin zobenta, sinadarin kabon da ke cikin katakon ake aunawa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken da aka buga a 2006, wanda aka yi a Jamhuriyar Benin da Kwaddibuwa a kan marke, da maje, da doka, da madobiya, da kawo. An tabbatar suna yin zobe shekara-shekara, girmansu kuma yana bin ruwan sama, har aka yi amfani da maje aka koma baya zuwa wajajen 1840. Duk sunayen nan babu baƙo a kunnen Bahaushe. Amma a shekara talatin da biyar da na yi a daji, masu zuwa ƙirga buhunan gawayi na gani, da masu zuwa raba dashe. Ban taɓa karɓar baƙon da ya zo ɗaukar samfurin tsohon itace ba.

Muna da namu matsalolin da sai ɗan ƙasa zai san su. Douglass ya samu katakon rufin tsofaffin gine-gine, mu kuwa da azara muke rufi, azara daga giginya take, giginya kuma ba ta yin zobe, haka goriba da dabino. Ke nan tsofaffin soraye na Katsina da Daura ba za su taimaka ta nan ba. Amma muna da ƙyauren tsofaffin ƙofofi, muna da turamen da aka gada tun kaka da kakanni. Ɗan masassaƙi ne ke gaya maka, in ka kifa tsohon turmi, gindinsa faifan itace ne sak, zobbansa na nan. Nawa aka faskara aka hura wuta da su don sun tsage? Sai kuma gawo, mai yin abinsa a juye: ya kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saiwarsa na can ƙasa tana shan ruwan da sauran ba sa kaiwa. Wanda ya karanta gawo da ƙa'idar marke zai yi kuskure babba.

Me zai sa talaka ya damu da wannan? Saboda ƙwaƙwalwarmu gajera ce a kan ruwan sama. Ma'aunin ruwa ya zo mana ne da zuwan Turawa, shekara ɗari da 'yan kai, a 'yan garuruwa ƙalilan. Kafin nan sai sunayen shekarun yunwa da dattawa suka riƙe, irin su Kakalaba da 'Yar Buhu da 'Yar Gusau, su ma duk na ƙarnin da ya wuce ne, masu riƙe da su kuma suna ta tafiya. Girgam, tsohon kundin tarihin masarautarmu, ya adana mana sunayen sarakunan Daura, amma ba a rubuta mana yawan ruwan da ya sauka a zamanin kowannensu ba. Ga tambayar da ke hana ni barci: farin da muka gani daga 1972 zuwa 1984, shi ne mafi muni da ƙasar nan ke iya yi, ko kuwa an taɓa yin wanda ya ninka shi tsawo? Duk shekara nawa irinsa ke dawowa? Wanda zai gina dam, ko ya faɗaɗa noman rani a Jibiya ko Zobe ko Sabke, ko ya ce wa manomi ya bar gero ya koma masara, yana bukatar amsar nan ko ya sani ko bai sani ba.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwan kogin Kolorado a tsakaninsu, bisa awon 'yan shekarun da suke da shi a hannu. Sai a 1976 masu karanta zobban itace suka nuna cewa shekarun da aka yi awon suna cikin mafiya ruwa a ɗaruruwan shekaru. Ashe an raba abin da kogin ba ya da shi a yawancin lokaci, har yau kuma jihohin suna ta ja-in-ja. Mu ma mun yi irin wannan da shekarun 1950. Ruwa ya yi yawa, aka ɗauka haka duniya take, gonaki suka yi ta hawa arewa cikin makiyaya, garke ya ƙaru, da fari ya zo sai ya iske mu ba shiri. Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ya bar jiragen masunta a kan yashi. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka sanar da shi shekara bakwai na yalwa da bakwai na tsanani, tanadi ya yi umarni da shi, a bar hatsi a zangarniyarsa. Mu wahayi ya yanke, amma Allah Ya bar mana alamu a jikin halittarSa, Ya kuma ba mu hankalin dubawa.

Har dashen itatuwa da ake ta yi zai amfana. Katsina na cikin jihohi goma sha ɗaya da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Na dasa darbejiya da turare da hannuna ba adadi, ban raina su ba. Amma tsohon marke ko ƙirya ko tsamiya da ya tsallake Kakalaba, ya tsallake 1973, ya tsallake 1984, zobbansa za su nuna shekara nawa ya ɗauka kafin ya farfaɗo bayan kowane fari. Da wannan za a san wane iri ya dace da jigawa, wane ya dace da fadama, a daina dasa dubu a tsira da ɗari.

Ban rubuto don in zagi mai gawayi ba. Yaron da ya yanko mini faifan nan abinci yake nema, matar da ke sayen gawayin a birni kuma gas ya fi ƙarfin aljihun mijinta. Na yi aikin kama masu sare itace, na san iyakar abin da tara ke yi. Na kuma san halin da jiharmu ke ciki, dazuzzuka irin su Rugu da ya kamata a fara wannan aiki a cikinsu ba sa shiguwa yanzu. Fatana a daina sare tsofaffin nan gaba ɗaya. Amma tunda ana sarewa kullum, ina roƙon abu ƙarami: duk babban itacen da ya faɗi, ko gatari ya kayar da shi, ko iska, ko aikin hanya, a yanki faifai guda daga gindi a ajiye. A rubuta a jikinsa sunan itacen, da garin, da watan da aka sare, da ko a tudu yake ko kusa da ruwa. Faifan da babu wannan bayani rabin amfaninsa ya tafi. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ƙara musu lafiya, babu itacen kirki da ke faɗuwa a ƙasarsu ba su ji ba. In umarni ya fito daga fada, masu injin zarto za su bi.

Ga malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma kuma, ɗaki guda mai rufin kirki da kantoci ya isa a fara. Masu rai ma ba sai an sare su ba. Akwai wani ƙarfe mai rami kamar bututu da ake murzawa a jikin itace da hannu, ya zaro siririn katako kamar fensir tun daga ɓawo har ciki, itacen ya warke ya ci gaba da rayuwarsa. Itatuwanmu masu tauri ne, ƙirya na iya karya shi, sai an bi a hankali. Ɗalibanmu na sashen labarin ƙasa da na gandun daji suna neman abin da za su yi bincike a kai duk shekara. A tura su ƙauyukansu, su ɗauko samfur, su zauna da tsofaffin da suka rage su tambaye su wace shekara aka yi fara, wace shekara aka yi shuka sau uku, sannan a gwama bakin tsoho da jikin itace da littafin ma'aunin ruwa. Wannan gwamawar ba ta jira, don duk rani muna rasa tsofaffin mutane da tsofaffin itatuwa tare.

Faifan marken yana zaurena a Daura. Na ɗora shi a kan bulo huɗu, na zagaye da toka saboda gara, ban shafa masa mai ko fenti ba don kada in ɓata wa masu awo aiki. Ya ɗan tsage ta gefe guda da hunturun bana, amma allurai na nan inda na soka su. Jikokina in sun dawo daga makarantar allo sukan tsuguna su ce, "Kaka, nuna mana shekarar da aka haifi Baba," in kama yatsansu in ɗora. Duk malamin jami'a ko ɗalibin da ke so, ya nemi ni ta hannunka, Malam Edita, zan ba shi kyauta. In zai zo kuma ya hanzarta, domin akwai wata tsamiya a gonar da ke maƙwabtaka da inda marken yake, ta fi shi kauri, na kuma ji an fara cinikinta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin daji,
Daura, Jihar Katsina.